Sharhi kan shirin tallafin ɗaliban digirin farko na cibiyoyin nazarin Katolika a Amurka

A gefen manyan jami'o'in Amurka, wani lokaci ma a cikinsu, akwai cibiyoyin nazari na ɗariƙar Katolika da suke ɗaukar ɗaliban digirin farko kaɗan a kowace shekara, su haɗa su da malamai na tsawon zango ɗaya ko shekara guda, domin su karanta manyan marubutan wannan ɗariƙa su yi muhawara a kansu. Ana ba ɗalibi littattafai, ana ciyar da shi a ranar zama, ana naɗa masa malamin da zai riƙa yi masa jagora, wasu cibiyoyin kuma suna ƙara masa ɗan alawus ko kuɗin tafiya taro. Wanda ya nemi wannan gurbi da fatan za a rage masa nauyin kuɗin makaranta zai koma da takaici, domin kuɗin karatu a manyan jami'o'i masu zaman kansu na ƙasar ya haura dala 60,000 a shekara, abin da shirin yake bayarwa kuwa bai kai ya taɓa ko gefen wannan adadi ba. Hajarsa ta gaskiya ita ce karatu a tsanake tare da mutanen da suka ɗauki tambayoyin addini da muhimmanci, kuma a kan wannan ya kamata a auna shi.

Tushen tunanin ya samo asali ne daga John Henry Newman, malamin Ingila da ya bar cocin Anglikan ya koma Katolika a 1845, wanda ya gabatar da laccoci a Dublin a 1852 a kan manufar jami'a. Hujjarsa ita ce ilimi duka abu ɗaya ne mai rassa, kuma idan aka cire tauhidi, wato ilimin sanin Allah, daga da'irar ilimomi, gurbinsa ba zai zauna babu kowa ba, sai wani fanni kamar tattalin arziki ko kimiyyar halitta ya mamaye shi ya riƙa yanke hukunci a kan abin da ya fi ƙarfinsa. An kafa ƙungiyar ɗalibai ta farko mai ɗauke da sunansa a Jami'ar Fensilbaniya a 1893, amma irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi karkata ga ibada da kula da rayuwar ɗalibai. Cibiyoyin da nake magana a kansu sababbi ne, kuma aikinsu karatu ne. An kafa Lumen Christi kusa da Jami'ar Shikago a 1997, limaman Dominikan, wata ƙungiyar limaman Katolika, suka kafa cibiyar Thomistic a Washington a 2009, sannan Collegium ta zo a Filadelfiya a 2013. A Notre Dame ta jihar Indiyana, wadda ita kanta jami'ar Katolika ce, cibiyar nazarin ɗa'a da al'adu da aka buɗe a 1999, wadda yanzu take ɗauke da sunan de Nicola, tana da nata shirin ɗalibai da aka sa wa sunan Edward Sorin, limamin da ya kafa jami'ar a 1842.

Shirin da na shiga yana ƙarƙashin wata cibiya ce mai zaman kanta da take daura da wata jami'ar da ba ta addini ba, kuma ba zan ambaci sunanta ba, domin yabon da sukar da zan yi sun fi shafar tsarin fiye da mutanen da suka gudanar da shi. Ni ba ɗan Katolika ba ne, kuma babu wanda ya ɓoye mini cewa za a karɓe ni duk da haka. Neman gurbin ba shi da wahala: gajeren rubutu a kan wata tambaya da take damun mai nema, da takardar sakamako, da sunan malamin da zai shaide shi, sai hira ta ɗan lokaci. Abin da na lura shi ne masu hirar ba su damu da yawan maki ba kamar yadda suka damu da ko mutum zai iya zama a kan shafi ɗaya na tsawon sa'a guda ba tare da ya ƙosa ba.

A teburin karatu ne shirin yake nuna darajarsa. Ana zama da yamma bayan an tashi daga darussa, ɗalibai ba su da yawa, kowa da littafinsa na takarda, kuma ana roƙon a ajiye waya da kwamfuta a jaka. Zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda muka yi a kan wata mas'ala daga babban littafin tauhidi na Toma Akwinas, malamin Dominikan ɗan Italiya da ya rasu a 1274. Tsarin rubutunsa sananne ne: yakan ɗora tambaya, ya fara jero hujjojin masu saɓa masa, ya kawo nassi ko maganar wani magabaci a ɗaya ɓangaren, ya ba da tasa amsar, sannan ya koma ya warware hujjojin farko ɗaya bayan ɗaya. A mas'alar ko akwai Allah, hujjoji biyu kawai ya kawo na masu musu. Ta farko ita ce da akwai Allah mai alheri marar iyaka da ba a ga mugunta a duniya ba, ta biyu kuma ita ce ana iya bayyana duk abin da ke faruwa ta hanyar ɗabi'ar halitta da nufin ɗan Adam, saboda haka babu buƙatar a ƙaro wani dalili. Limamin da yake jagorantar zaman, wanda shi ma ɗan Dominikan ne, ya hana mu juya shafi zuwa amsar. Ya ce ba za mu wuce ba sai kowa ya iya faɗin hujjojin nan biyu da bakinsa, ta yadda wata ɗalibar kimiyyar lissafi da take cikinmu, wadda ta riga ta bayyana cewa ba ta yarda da kowane addini ba, za ta amince cewa ba a rage musu ƙarfi ba. Wani ɗalibi mai son ya nuna ƙwazo ya yi ƙoƙari, ita kuwa ta girgiza kai ta ce ya faɗi hujjar ne kamar mai neman ya ga bayanta. Ya juya ga limamin ya ce, "Fada, ai mun san inda maganar za ta ƙare, me ya sa ba za mu tafi can ba?" Limamin ya amsa masa da cewa wanda bai taɓa jin nauyin tambayar ba, amsar ba za ta yi masa amfanin komai ba, ya kuma sa shi ya sake daga farko. Lokacin zaman ya ƙare ba mu kai ga shahararrun hanyoyi biyar da Akwinas ya kawo na tabbatar da samuwar Allah ba, sai a mako na gaba.

Wannan salon ne ya bambanta shirin da aji. A aji ɗalibi yana karatu ne da jarrabawa a gabansa, kuma malami yana da manhajar da dole ya kammala kafin zango ya ƙare, don haka ana ratsa littafi guda a mako ɗaya. A nan babu maki, babu jarrabawa, kuma jami'a ba ta lissafa zaman a cikin darussan da ake buƙata kafin a ba da digiri. Rashin makin yana sa mutane su yi magana ba tare da tsoron kuskure ba, amma kuma shi ne yake sa teburin ya ragu a makonnin jarrabawar tsakiyar zango, lokacin da kowa ya san abin da zai fara yadawa idan ayyuka suka taru. Cibiyar ba ta da wata hanyar tilasta zuwa in ban da kunya, kuma na ga zaman da rabin mahalarta ba su buɗe karatun makon ba.

Mai karatun da ya taso da sanin malaman Musulunci zai gamu da abin da ba a cika faɗa a tallar shirin ba. Akwinas yana ambaton Ibn Sina sau da yawa, musamman a kan bambanci tsakanin mahiyar abu, wato ainihin abin da yake, da samuwarsa, yana kiran Ibn Rushd na Kurɗuba da laƙabin Mai Sharhi saboda sharhinsa a kan Aristotal, yana kuma kawo maganar malamin Yahudawa Musa bin Maimun, wani lokaci ya yarda da su, wani lokaci ya yi musu raddi. Yawancin littattafansu sun isa birnin Faris na Faransa ne ta hanyar fassarar da aka yi daga Larabci zuwa Latin, mafi yawa a birnin Toledo na Sifaniya a ƙarni na 12 da na 13. Jagoranmu ya san wannan tarihi kuma bai ɓoye shi ba, har ya kawo mana gajeren yanki na Ibn Sina muka karanta kafaɗa da kafaɗa da na Akwinas. Amma na fahimci cewa wannan zaɓinsa ne shi kaɗai, ba ya cikin jerin karatun da cibiyar ta tsara, kuma rukunin da wani malami ya jagoranta bai ji ko sunan ba.

Jagorancin da ake alkawari kuwa sa'a ce. Wasu malaman sukan gayyaci ɗalibi ofis su karanta rubutunsa layi bayan layi, su kuma rubuta masa takardar shaida idan zai nemi digiri na gaba, wasu kuma ana ganinsu ne sau ɗaya a liyafar buɗe shiri. Tunda yawancinsu aikin sa kai suke yi a kan nauyin da jami'a ta riga ta ɗora musu, cibiyar ba ta da bakin yi musu faɗa.

Babban abin da nake suka shi ne ƙuncin jerin karatun. An yi mana alkawarin binciken al'adar ilimin Katolika, amma abin da muka samu layi ne guda da ya taso daga Atina, ya bi ta Roma da Faris, ya sauka a Oxford. Mun karanta Waliyyi Agustin, kuma mun daɗe a kan labarin da ya bayar na satar 'ya'yan itace da ya yi yana ɗan shekara 16 ba don yunwa ba sai don daɗin aikata laifin, amma an gabatar da shi kamar Bature, alhali an haife shi a 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriyar yau, ya kuma yi aikin bishop a Hippo, inda Annaba take yanzu, har ya rasu a 430. Tertuliyan da Sifiriyan, waɗanda suka aza harsashin tauhidin Kirista a harshen Latin, mutanen Kartaj ne a Tunisiyar yau. 'Yan Katolika a duniya sun kai kimanin biliyan 1.4, ƙasar da ta fi yawansu ita ce Brazil, kuma a Afirka ne cocin ya fi saurin ƙaruwa, duk da haka ba mu karanta marubuci ko ɗaya na zamani daga Afirka ko Asiya ko Latin Amurka ba. Gustavo Gutiérrez, limamin ƙasar Peru da littafinsa na 1971 ya buɗe babin tauhidin 'yantar da talakawa, wanda kuma ya koyar a Notre Dame kafin ya rasu a 2024, an ambace shi ne a jimla ɗaya a matsayin misalin inda aka kauce hanya. Mai yiwuwa masu shirin suna da hujjar ƙin ra'ayinsa, amma cibiyar da ta koya mana kada mu yi raddi ga hujja sai mun iya faɗinta da ƙarfinta ba ta bi nata darasin a nan ba.

Haka abin ya kasance a zaman da aka ware wa addini da kimiyya. An daɗe a kan Georges Lemaître, limamin Beljiyam da ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, da kuma Gregor Mendel, ɗan zuhudun da gwajinsa a kan tsiron wake, wanda aka buga a 1866, ya zama tushen ilimin gado. Duka gaskiya ne kuma ya dace ɗalibin da yake zaton coci da kimiyya abokan gaba ne ya ji su. Sai dai hukuncin da kotun coci ta yanke wa masanin taurari Galileyo a 1633 an ratsa shi da sauri, aka fi ba da ƙarfi ga cewa shi ma yana da taurin kai, kamar taurin kan mutum yana halatta a tsare shi a gida har ƙarshen ransa. Ba a taɓo maganar bayi 272 da limaman ƙungiyar Jesuit ta Katolika suka sayar a 1838 domin biyan basussuka, ciki har da na kwalejin Georgetown, ba, ko da yake a wani zaman an yi alfahari da limamin Sifaniya Bartolomé de las Casas da kare haƙƙin 'yan asalin nahiyar Amurka da ya yi a muhawarar Valladolid ta 1550. Ɗalibi mai lura zai gane cewa ana zaɓar masa tarihi.

A gefe guda, ba daidai ba ne a ce shirin reshen wata jam'iyyar siyasa ne, kamar yadda wasu a harabar jami'a suke zargi ba tare da sun taɓa shiga ba. Wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891 a kan haƙƙin ma'aikata, wadda ta kare albashin adalci da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago, ta tayar da hankalin ɗaliban da suka zo da aƙidar cewa kasuwa ita ce alƙalin komai. Labarin Elizabeth Anscombe, masaniyar falsafa 'yar Katolika da ta tashi a Oxford a 1956 ta yi adawa da ba tsohon shugaban Amurka Truman digirin girmamawa saboda bama-baman Hiroshima da Nagasaki, ya sa masu kishin soja sun yi shiru. Matsayin cocin a kan zubar da ciki da aure kuwa ya tsaya wa ɗaya ɓangaren a maƙoshi. Babu wanda ya fita daga shekarar yana jin an tabbatar masa da duk abin da ya shigo da shi, kuma wannan na lissafa shi a cikin alherin shirin.

Tambayar da ya kamata mai nema ya yi wa kansa ita ce ko wannan bincike ne ko tarbiyya, kuma amsar gaskiya ita ce duka biyun ne, da rinjayen na biyu. Jami'o'in Katolika na Amurka sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A 1967 shugabanninsu, ƙarƙashin jagorancin Theodore Hesburgh na Notre Dame, sun fitar da sanarwar Land O'Lakes da ta nemi cin gashin kan jami'a daga kowace hukuma, har da ta coci. A 1990 Fafaroma John Paul na 2 ya fitar da dokar da ta jaddada cewa jami'ar Katolika tana da alhakin riƙe amanar koyarwar coci, a 1998 kuma ya rubuta wasiƙar da ta kwatanta bangaskiya da hankali da fukafukai biyu. Cibiyar da na sani ta fi kusa da ruhin waɗannan takardu biyu na baya. Ana buɗe zama da gajeriyar addu'a, ana sanar da lokacin sujadar Mas, babbar ibadar Katolika, ana shirya ziyarar ibada ga masu so, kuma ba a taɓa matsa mini in shiga ko ɗaya ba. Amma mutum yana gane cewa masu shirin sun gaskata akwai amsa, sun kuma gaskata cocinsu yana riƙe da ita, don haka kowace muhawara, komai zafinta, tana gangarawa ne zuwa wuri ɗaya. Ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, tunda sunan ɗariƙar yana rubuce a ƙofa. Abin da na fi so da an yi shi ne a faɗe shi ƙarara a takardar talla, maimakon a jingina ga kalmomin da za su sa ɗalibi ya zaci fili ne da ba shi da shinge.

Batun kuɗin cibiyoyin ma ya cancanci kallo. Waɗanda suke gefen jami'o'in da ba na addini ba ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da suke rayuwa da gudummawar tsofaffin ɗalibai da attajirai da gidauniyoyi. A 2022 gidauniyar John Templeton ta ba da tallafi ga haɗakar irin waɗannan cibiyoyi guda shida, ƙarƙashin jagorancin Lumen Christi, domin shirye-shiryen addini da kimiyya. Ban ga wani mai ba da kuɗi ya shigo ya tsara mana abin da za mu karanta ba, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba laifi ba ne ɗalibi ya duba jerin baƙin da cibiya ta gayyato su yi lacca a shekarun baya, domin wannan jerin yakan nuna karkatarta fiye da duk wani bayanin manufa.

A ganina shirin ya dace da ɗalibin injiniya ko likitanci ko kasuwanci da jadawalinsa bai bar masa gurbin falsafa ba, kuma yake jin cewa shekaru huɗu za su wuce ba tare da kowa ya tambaye shi mene ne amfanin abin da yake koyo ba. Ya dace da ɗan Katolikan da iliminsa na addini ya tsaya a katikisim, wato karatun addini na yarinta, ya kuma dace da Musulmi ko ɗan wata ɗariƙar Kirista da yake da ƙafa a cikin nasa addinin kuma yake son ya ji hujjar maƙwabcinsa daga bakin masu ita. Bai dace da wanda yake neman layi ɗaya da zai ƙara a takardar neman aiki ba, domin karatun mako yakan ci sa'o'i da dama kuma sunan shirin ba ya buɗe ƙofa a wajen ƙaramin da'irar da ta san shi. Kafin a sa hannu, yana da kyau a nemi jerin karatun shekarar da ta gabata, a tambayi wane ne zai jagoranci teburin, tunda shi ne rabin shirin, a kuma nemi izinin halartar lacca ɗaya daga cikin waɗanda ake buɗe wa kowa. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa da bizar karatu ta F-1 yana da ƙarin abin lura, domin dokar bizar ta taƙaita masa aiki a lokacin zango zuwa sa'o'i 20 a mako a cikin harabar jami'a, cibiyar kuwa sau da yawa ba sashen jami'a ba ce ko da gininta yana manne da ita. Saboda haka idan alawus ɗin yana tattare da wani aiki, kamar taimakawa wajen shirya taro ko gyara rubutu, ya kamata ya kai takardar ofishin ɗaliban ƙasashen waje su duba kafin ya karɓi ko dala ɗaya, ya kuma tambaye su ko za a cire haraji a ciki.